Yis ɗin LalBrew Voss a zafin Yamai: abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa

Mai dafa giyar sha'ir a gida a Yamai ba a bakin murhu yake shan kashi ba, a wajen tashin giyar ne. Yawancin yis ɗin giyar el (wani nau'in giyar sha'ir), irin su SafAle US-05, sun fi son wurin da bai wuce digiri 20 da ɗoriya ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin rana yana haura 40, ɗakin kwano ko tsakar dare bai huce ba. In aka zuba irin wannan yis a digiri 33, zai yi aiki, har da gaggawa, amma giyar za ta fito da warin maganin goge farce, tana ƙona maƙogwaro, washegari kai na sarawa. Maganin da aka saba shi ne a ware mata firigo guda, shi kuma sai da kuran, kuran kuwa a bazara ake ɗauke shi. (Bayanin nan na masu harkar ne, Musulmi ya san hukuncin giya a addininsa, ba sai an tuna masa ba.)

Nan ne amfanin LalBrew Voss yake. Busasshen yis ne na kamfanin Lallemand na Kanada, a ƴar leda mai giram 11. Asalinsa daga Voss ne, a yammacin Norwe, cikin dangin yis ɗin manoma da ake kira kveik, kuma daga hannun wani mai dafa giyar gargajiya, Sigmund Gjernes, aka samo shi. Abin mamaki, yis ɗin ƙasar ƙanƙara ne amma zafi yake so, domin manoman can tun ruwan tsiro yana da ɗumi suke zuba shi. Kamfanin ya ce yana aiki daga digiri 25 zuwa 40, ya fi jin daɗi tsakanin 35 da 40, yana gamawa cikin kwana 2 a digiri 40, kwana 3 zuwa 4 a digiri 30, kuma yana cinye kashi 76 zuwa 82 cikin ɗari na sukarin.

Hanyar gwada shi ita ce giya mara nauyi, wadda ba ta da abin ɓoye aibi. Na lita 20: tsiron sha'ir fari kilo 4, tsiron Munik (na sha'ir ne da aka gasa ya ɗan yi duhu) giram 300, furen hop (mai ba giya ɗaci da ƙamshi) nau'in Cascade giram 40, ruwa lita 29, tukunya mai cin lita 40, da jakar ƙyalle mai ƙananan ƙofofi wadda za ta shige tukunyar. Tsiron ɓarza shi ake yi, ƙwayar ta fashe, ɓawon ya rage. Injin niƙa na unguwa gari zai mai da shi, gari kuma toshe jaka yake yi ya cika giyar da guggubi.

A ɗora ruwan ya kai digiri 68, a kashe gaz, a shimfiɗa jakar cikin tukunyar, a zuba tsiron a ciki ana juyawa kar ya yi gudaji. Littattafan Turai kan ce 70 ko 71, amma su tsironsu da sanyi yake fitowa daga ma'aji. Namu yana da ɗumin 35 tun a buhu, digiri biyu kawai zai sauke ruwan. Ana so jiƙon ya zauna a 66 na awa guda, a rufe, a lulluɓe da bargo. In ya haura 70, sinadarin da ke fitar da sukarin da yis ke iya ci zai mutu da wuri, giyar ta yi zaƙi da kauri. In ya sauka 62, ta yi salam kamar ruwa. Bayan awa a ɗaga jakar ta tsane, a matse ta. Dusar ta tumaki ce. Sai a tafasa ruwan tsiron minti 60 ba marfi, giram 20 na hop a farko, sauran 20 saura minti 10 a sauke. Ma'aunin sukari zai nuna wajen 1.046.

A wajen sanyaya ne ake ganin darajar yis ɗin nan. Ruwan famfon Yamai da kansa ɗumi gare shi a bazara, saboda haka ko da murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe na sanyaya ruwan tsiro ba za a sauko da tukunya digiri 18 da sauran yis ke so ba sai an yi ta sayen ƙanƙara. Saukowa 35 kuwa abu ne mai sauƙi: a tsoma tukunyar a babban baho, a canza ruwa sau biyu ko uku. A juye a bido mai tsabta, a girgiza shi minti biyu iska ta shiga, a barbaɗa leda guda a kai, a sa marfi mai bututun fitar iska. In an zuba da hantsi, kafin dare kumfa ta taso har tana neman marfi, bututun yana ɓulɓul ba hutu. Don haka bidon ya zama na lita 30, kar a cika shi.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ɗaukar 40 ɗin nan a matsayin zafin ɗaki. Zafin giyar ake nufi, tashi kuma da kansa yana ƙara mata digiri biyu ko uku. A ɗakin da ya riga ya kai 40, gara a zuba yis a 33, a ajiye bidon cikin bahon ruwa, a yafa masa jiƙaƙƙen tawul. A hunturu kuma, Disamba da Janairu, da dare kan sauko wajen 15, akasin haka ake yi: a naɗe shi da bargo. In sanyi ya kama shi a tsakiyar aiki, sai ya kwanta ƙasa ya bar sukari, don yis ne mai saurin kwanciya.

Ɗanɗanonsa fa? Babu warin maganin farce, babu ƙuna, ko a 37. Ƙamshin ɓawon lemun zaƙi yake bayarwa, wanda ya dace da Cascade ƙwarai. Giyar tana ƙarewa a wajen 1.010, ƙarfinta kashi 4.7 cikin ɗari, ɗacinta kaɗan. Sai dai wanda ya saba da giyar kwalba irin ta mashaya, wadda ba ta da wani ƙamshin ƴaƴan itace, ya sani Voss ba zai ba shi ita ba. Lemun nan ba ya ɓoyuwa. Yana kuma barin ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe fiye da sauran yis, abin da ya fi fitowa a giya mara nauyi irin wannan. A ganina tsamin ba aibi ba ne in giyar ta yi sanyi sosai, amma in ta ɗumama a kofi ana jin sa. Kuma mayunwaci ne: a ruwan tsiron da bai kai 1.050 ba, ƙaramin cokali na abincin yis a minti 10 na ƙarshen tafasa yana hana shi tsayawa ko fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Akwai laifuffukan da ake ɗora masa waɗanda ba nasa ba ne. Giyar da ke warin asibiti, kulorin ruwan famfo ne ya haɗu da tsiro. A tara ruwan ya kwana a buɗe, ko a tace shi da matatar gawayi. Haka ruwan jabel in an wanke bido da shi ba a ɗauraye sosai ba. Wanda kuma ya musanya sha'ir da tsiron dawa irin na burkutu ya ga sukari bai fito ba, sitacin dawa ne yake buƙatar zafin da ya fi na sha'ir kafin ya nuna, sinadarin fitar da sukarinta kuma kaɗan ne. Wannan aikin wata tukunya ce daban.

Saurinsa yana ruɗar mutane su ɗura a kwalba rana ta uku. Kar a yi. A auna sukarin rana ta huɗu, a sake rana ta shida. Sai alƙalami bai motsa ba za a ɗura. Giyar da ta tashi a zafi ba ta riƙe iska da yawa, shi ya sa lokacin ɗurawa a kwalba take son sukari giram 7 a kowace lita don iska ta kama, wato 140 na duka, a narka a ruwan zafi. Kwalabe masu kauri, masu ruwan ƙasa, don hasken rana yana ɓata hop cikin mintoci. A zafinmu kwana 5 zuwa 7 sun isa iska ta kama. Daga nan sai firigo: yis ɗin ne ke jure zafi, giyar da ta gama ba ta jurewa, ƴan makonni a ɗaki mai 38 ƙamshin hop ya tafi, ta koma warin tsohon kwali.

Samunsa sai da sautu, kamar tsiron da hop ɗin, daga mai zuwa Faransa ko Beljiyam. Kwanakin tafiya a akwati ba sa kashe shi muddin ledar ba ta huje ba, amma da isowa a sa shi a firigo. Leda guda kuma tana iya yin tukwane da yawa. Rana ta biyu, a kwashi kumfar sama da ludayin da aka tafasa, a zuba a kwalba mai tsabta a firigo, a yi amfani da ita cikin mako biyu. Manoman Norwe shanya shi suke yi a jikin wani zoben katako. Busasshiyar iskar hunturu za ta yi wannan aikin a kan faranti cikin kwana biyu, in dai an rufa masa ƙyalle mai tsabta, don ƙurar da ke shigowa ta taga tana ɗauke da ƙwayoyin da za su tsamar da tukunya ta gaba.