Sharhi kan saitin tebur da kantar MDF a ɗakin aiki na gida: abin da shekara guda a Birnin Kebbi ta nuna

Saitin da nake magana a kansa shi ne irin wanda kafintocin zamani ke haɗawa da allon MDF (allon matsattsen garin katako) mai rufi: tebur mai tsawon ƙafa 4, faɗin ƙafa 2, tsayin inci 30, da durowa uku a hannun dama, sai kanta mai hawa uku da ake kafewa a bango sama da shi. Ya yi aiki shekara guda cur a ɗaki mai ƙafa 10 kan 12, ya sha hunturu, ya sha bazara, ya sha damina. A ganina yana ƙawata ɗaki fiye da kuɗin da aka ba da, to amma akwai abubuwan da sai an daidaita su da kafinta tun bai yanka allo ba, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta cinye kyansa.

Bari in fara da inda ya ci yabo. Fuskarsa sumul take, biro ba ya tuntuɓe a kanta, kuma tsumma mai ɗan danshi kaɗan ya isa ya kwashe ƙurar kwana guda. Babban abin da ya burge ni shi ne halinsa a hunturu. Duk wanda ya taɓa sayen teburin ɗanyen melina ya san abin da iskar Disamba da Janairu ke yi masa: katako ya bushe, ya tsage, durowa ta karkace ta ƙi rufuwa. Shi MDF garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, ba shi da jijiya irin ta falanki, saboda haka bushewar iska ba ta tsaga shi. Har hunturu ya wuce babu inda ya buɗe baki.

Launi kuwa, fari fat yana da kyau a hoto, amma jar ƙurar garin nan ba ta kwana biyu ba ta bayyana a kansa ba, baƙi kuma ya fi shi tona ƙura. Launin katako mai haske ko ruwan toka mai haske su suka fi rufa asiri.

Ruwa shi ne ajalinsa. Rufin saman ba ya shan ruwa, amma bakin allo, inda zarto ya bi, kamar soso yake. Da ya jiƙa sai ya kumbura, in ya kumbura kuma ya tafi ke nan, rana ba ta mayar da shi. Kafintoci da yawa suna liƙa tef a bakin da ido ke gani kawai, su bar na baya da na ƙasa tsirara, alhali nan ne ruwa ke shiga. A wannan saitin, gefen da ke zaune kan tayil ya fara tashi cikin 'yan watanni, ba don ruwan sama ba, don mofa da ake bi da ita kullum da safe. Gumin gorar ruwan sanyi da aka ajiye dab da baki shi ma ya ɗaga tef ɗin wajen inci biyu. Maganin ba shi da tsada: a rufe dukkan baki huɗu na kowane allo da tef, har wanda ke kallon bango, sannan a sa wa teburin ƙafafun roba ko na ƙarfe masu tsayin inci 2 domin allon ya rabu da ƙasa. A kuma tambaya yadda ake liƙa tef ɗin. Wanda inji ya liƙa da zafi ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Na hannu da aka shafa wa gam yakan fara ɓanɓarowa a kusurwa idan zafin Afrilu ya haura digiri 40.

Kantar ita ta fi ba ni takaici, kuma laifin ba na allon ba ne shi kaɗai. An yi ta ƙafa 4, an tallabe ta da ƙarfe biyu kacal, ɗaya a kowane ƙarshe. Mutane ba su cika lura da nauyin takarda ba. Rim ɗaya na takardar A4 mai giram 80 kilo biyu da rabi ne, rim huɗu kilo 10 ke nan, ba a zo kan littattafai da fayil-fayil ba. Hawan tsakiya ya yi ciki tun kafin wata shida, kuma MDF in ya lanƙwashe a ƙarƙashin kaya ba ya miƙewa ko an sauke. Kada tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta wuce ƙafa 2, wato kanta mai ƙafa 4 ƙarfe uku take so. Kaurin allon ya zama milimita 18. Akwai mai 15 da mai 12 a kasuwa, kuma da zarar an rufe baki da tef ba kowane ido ke bambance su ba, don haka a auna da kai kafin a rufe. Wajen kafewa, yawancin gine-ginenmu bulo ne mai rami, wani ma yashi ya fi siminti yawa. Ƙusar kankare da ake bugawa da guduma tana farfasa filasta, ta riƙe na ɗan lokaci, ta saki. A huda da inji, a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, a ɗaura sukuru mai tsawon inci 2 da rabi zuwa 3, a kuma nemi wurin da bulon ke da nama. In garin da ke fitowa daga ramin yashi ne zalla yana zuba, a matsa gefe a sake hudawa. Kantar da ke saman kan mai zama ba wurin gwaji ba ce.

Durowa biyu sun yi lafiya. Ta ƙasa, wadda aka cika da takardu, sukurun layin da take zamewa a kai ya fara sassautawa saboda MDF ba ya riƙe sukuru da kyau, musamman a baki, kuma duk ramin da aka kwance aka sake ɗaurawa sau biyu ya zama gari. In haka ta faru, a cusa tsinken katako da farin gam a ramin, a bari ya kwana, sannan a mayar. Layin durowa mai boris ya fi na tayar roba ɗaukar nauyi, sai dai maikonsa yana kama ƙura. A share shi da busasshen buroshi idan hunturu ya wuce.

Tsayin inci 30 da kafintoci suka saba yankawa ya yi wa matsakaicin mutum yawa idan aikin buga kwamfuta ne. Kafaɗa takan ɗaga, zuwa la'asar wuya ya riƙe. Inci 28 zuwa 29 ya fi, kuma in za a ƙara ƙafafun nan na inci 2, a cire su daga lissafin allon, kada a wayi gari da tebur mai inci 32. Ma'aunin mai sauƙi ne: a zauna a kujerar da za a yi aiki da ita, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwar hannu ta yi daidai da saman teburin. Saboda haka kujera ake fara saye, sannan a yanka tebur. Kujerar ma, mai raga a baya ta fi mai rufin leda a wannan yanayi namu, don ledar tana tara gumi kuma zafi na sa ta ɓarewa.

Sabon saitin yana da wari mai ɗan yaji a ido, daga gam ɗin da ke cikin allon ne, mai sinadarin fomaldihaid, kuma zafi na ƙara fito da shi. A bar taga a buɗe da fanka a kunne na makon farko. Rufe baki da tef yana rage shi.

Sai maganar inda za a ajiye shi, wadda a wurina ta kai zaɓen allon muhimmanci. Kada teburin ya fuskanci taga, kada kuma ya ba ta baya. A sa shi taga na gefe, hasken ya zo ta hagu ga mai rubutu da dama. Tagar yamma ita ke dafa ɗaki daga azahar zuwa la'asar sakaliya, tana son labule biyu, shara-shara a ciki da mai kauri mai launin haske a bayansa. Tagar arewa da ta gabas su ke shan ƙurar hunturu, tunda iskar daga arewa maso gabas take busowa. A bar inci 4 tsakanin teburin da bango. Wannan ɗan sararin yana hana danshin bango taɓa allon da damina, yana kuma ba da damar leƙawa a ga ko gara ta fara gina hanyarta, abin da ya kamata a duba duk wata. A roƙi kafinta ya huda rami mai faɗin milimita 60 a kusurwar baya don wayoyi, a ɗaure ekstenshan a ƙarƙashin teburin maimakon barin sa a ƙasa. Wannan kaɗai yana sauya kamannin ɗakin.

Wajen ado, saitin ba ya son tarkace. Hawan sama na kantar, wanda bai kamata ya ɗauki nauyi ba dama, ya dace da ƙwarya mai zane da tukunyar shukar moda ƙarama. Moda na jure ƙishi da ƙarancin haske, amma a sa faranti a ƙarƙashinta saboda ruwa. Faifai uku masu launi a bangon da ke fuskantar ƙofa sun fi hotunan kanti sanyaya ido, kuma ana samun su a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu da Jega ba tare da wahala ba. A ƙasa tabarmar kaba ta fi kafet, don ana ɗauke ta a kakkaɓe. Ƙwan fitila fari ƙal mai 6500K (lambar da ke nuna launin haskensa) yana sa ɗakin ya yi kama da asibiti a kan allo mai haske. Mai 4000K ya fi taushi kuma ana karatu da shi lafiya. A tanadi fitilar tebur mai caji don lokacin da aka ɗauke wuta. In an ajiye teburin ta wajen bangon kudu ko na arewa, ɗaki mai ƙafa 10 kan 12 yana barin wurin shimfiɗa dadduma ta fuskanci gabas, da kujera ɗaya ta baƙo kusa da ƙofa.

Ga malami, ɗan jarida, mai aikin lissafi ko ɗalibi da ke son ɗaki mai tsabtar gani da kuɗi daidai aljihu, ina ba da shawarar saitin. Mai yawan ƙaura daga haya zuwa haya ya haƙura da shi, don kwancewa da ɗaurawa na kashe shi, haka ma mai ɗakin da ke yoyo ko bangonsa ke tsotson ruwa. Su busasshen maɗaci ko ƙafar ƙarfe da saman filawud ya fi musu. Wanda zai saya kuma kada ya biya cikon kuɗin sai ya kifa teburin ya ga bakin ƙasa a rufe, ya auna kaurin allon, ya ja kowace durowa har ƙarshe da rim biyu na takarda a ciki.