Yankan ƙarfen adaidaita da tsirar allurar asibiti ba ɗaya ba ne

Salam 'yan uwa. 'Yar'uwar da ta turo tambaya jiya da daddare, ta ce ƙarfen gefen adaidaita ya yanke ta a yatsa tana sauka har jini ya ɗan fito, da ta duba wajen kuma ta ga wani ja-ja kamar busasshen jini, tun ranar ta kasa barci tana tunanin ko ta ɗauki HIV. Hajiya ki kwantar da hankalinki, ta wannan hanyar ba ki ɗauka ba in sha Allah, bari in jera miki abin da ya same ki kusa da abin da likitoci ke tsoro da gaske ki gani da idonki.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta gama ɗibar jinin mai ɗauke da cutar, allurar tana hannunta, jinin ɗanye ne da ɗuminsa a cikin ramin allurar, sai ta kuskure ta tsire kanta har cikin nama. Duk sharuɗɗan sun haɗu kenan, an san mai jinin yana da ita, jinin sabo ne, iska ba ta taɓa shi ba, kuma an tura shi ciki. To a hakan ma lissafin da aka yi kusan mutum 3 ne cikin 1,000 ke kamuwa. Shi ya sa ake ba irin su maganin kariya da ake kira PEP, a fara kafin awa 72 a sha kwana 28.

Yanzu dawo kan adaidaita. Da farko ba ki ma san jini ba ne, galibi tsatsa ce ko fenti. Ko jinin ne, wa ya ce mai shi yana da cutar? Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 ne na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita, kuma wanda ke shan maganinsa yadda ya kamata ƙwayar tana raguwa a jininsa har gwaji ya kasa ganinta. Sannan ita wannan ƙwaya raguwa ce a wajen jiki, kamar kifi ne a tudu, jini na bushewa take lalacewa, balle ƙarfen da ya yini yana shan rana da ƙura. Ga shi jinin yatsarki waje ya fito, ba wani abu aka tura miki ciki ba. Haka hukuncin yake ga bakin gwangwanin tumatir, wuƙar kicin, fasasshen kofi, fil ɗin ɗankwali, kwanon rufi, duk tafiyarsu ɗaya.

Wanda ke tsakiya shi ne aski da yankan farce. Askar wanzami da aka ɗauke daga kan wani da jininsa aka ɗora a naka nan take, ko almakashin mai yankan farce da ya zaga kasuwa yana gogewa da tsumma ɗaya. Nan ma HIV ɗin ba ita ce babbar barazana ba, ciwon hanta ne nau'in B, kuma wallahi abin yana damuna yadda muka yi watsi da shi muna ta tsoron ɗayan. Ƙwayarsa tana iya kwana 7 a busasshen jini da ranta. A irin tsirar allurar nan da HIV ke kama 3 cikin 1,000, ciwon hanta yana iya kama har 30 cikin 100 in mutum bai yi rigakafi ba. Binciken 2018 ɗin nan ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya a ƙasar nan suna ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba. Kuma shi yana da rigakafi, allura uku ce kawai, sai 2004 aka sa ta cikin alluran yara don haka yawancinmu manya ba mu samu ba. Maigida ya sayi kilifarsa, a riƙa ɓare sabuwar reza a gabanka, kowa da abin yankan farcensa.

Ke kuma a yankan ƙarfe abin dubawa tetanus ne, mai sarƙe haƙora, don ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zama. Ki wanke wajen da ruwa da sabulu, in an daɗe rabonki da allurarsa ki je a yi miki, in an yi miki ita a awon ciki kwanan nan ki gaya musu su duba katinki. In yatsar ta kumbura ko ta fara ruwa kar ki tsaya gasa ta a gida.

Maganar rashin barcin kuma ban ɗauke ta wasa ba, fargaba ciwo ce mai zaman kanta. Ki daina binciken alamomi a intanet cikin dare, duk zazzaɓi da ciwon kai da kasala za ki ga sun yi daidai da ke alhali maleriya ma haka take. Wannan yankan bai buƙatar gwaji, amma in zuciyarki ta ƙi kwanciya ki je asibitin gwamnati a yi miki, 'yar tsira ce a yatsa ki karɓi sakamako a ranar, wanda aka yi bayan wata 3 shi ke rufe magana. Tunda kin je ɗin ki ce a haɗa miki da na hanta.