Ƙara a injin Mercedes C63 ko BMW M3: me ya kamata ka fara saya?

Mota mai ƙarfin inji idan ta fara wani kuka da ba ka saba ji ba, sai hankali ya tafi kan sikana, wato na'urar karanta kwamfutar mota. Ni dai ba ita zan fara ba ka shawara ba. Ana jona ta ne a soket ɗin OBD2 mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, kuma abin da kwamfutar mota ta rubuta kawai take karantowa. Za ta nuna lambar matsala P0300 idan silinda na tsallake wuta, amma ba ta da kunne. Metal, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinta a ƙasan inji, na iya cinyewa ita kuwa ta ce lafiya lau. Mai araha irin ELM327 ba ta ma shiga lungunan Mercedes da BMW sosai.

Fara da abin sauraro na makanikai, mai kama da na likita sai dai da dogon tsinken ƙarfe. Tsofaffin gareji doguwar sukudireba suke dannawa a jikin inji su kara kunne a ƙotar, kuma tana aiki, amma wannan ya fi tace sauti. Ka ɗora tsinken a murfin sama. Ƙas-ƙas mai sauri, wanda ke tafiya da rabin gudun inji, daga bawul ko kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) yake, domin kamshaf na juyawa sau ɗaya ne idan karanshaf ya juya sau biyu. Injin M156 mai lita 6.2 na C63 AMG ya yi suna da cinyewar kamshaf, nan zan fara zargi. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuwa, wadda ke ƙaruwa in ka taka totur, metal ake zargi, kashe motar nan take. Injin S65 na M3 E92 yana kaiwa juyi 8,400 a minti, kuma an san shi da ciwon metal. Don Allah ka kula da fanbel, kada ya kama hannun rigarka.

Na biyu, ma'aunin ƙarfin baƙin mai, a gwada bayan inji ya ɗau zafi. Ka kuma yanka tsohuwar matatar mai ka baje takardarta a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe ko jan gaci a ciki ya gama magana.

Na'ura mai makirufo da yawa, irin ChassisEAR, ta mai gareji ce, ko wanda ƙarar ba ta fito masa sai mota na gudu. Sikana ta zo daga baya, ka nemi wadda ta san kamfanin motarka.