Ɗan acaɓan da ya zaga da ni ƙasar Doguwa

'Yata ta samu gurbin karatu, makaranta ta ce sai ta kawo takardar shaidar 'yar asalin ƙaramar hukuma. Ni kuwa na fi shekara 20 a unguwar Kurna a birnin Kano, amma cibiyata a ƙasar Doguwa aka binne ta, can ƙuryar kudancin Jihar Kano inda muka yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Wanda bai taɓa neman wannan takarda ba zai ɗauka sakatariya kawai ake zuwa. Ina! Mai unguwa ne zai fara shaidarka, ya tura ka wurin dagaci, dagaci ya miƙa ka ga hakimi, sannan ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Kuma mutanen nan ba a gari ɗaya suke zaune ba.

Na hau mota da asuba, muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, hanyar da masu zuwa Saminaka da Jos suke bi. Da na sauka, wani ɗan'uwana ya haɗa ni da yaron da nake son in yi magana a kansa. Ba zai wuce shekara 25 ba, babur ɗinsa Boxer ce da ta sha jiki. Muka yi ciniki ya yi mini jigilar yini guda a kan naira 12,000, mai a wuyansa. Na ɗan ji kuɗin, amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wa ya isa ya yi wa ɗan acaɓa gardama?

Hanya kowane ɗan acaɓa ya sani. Shi wannan mutane ya sani. Ina faɗa masa sunan kakana da unguwarmu, sai ya ce, "Baba, ai mai unguwarku na da ya rasu, ɗansa ne yanzu, kuma war haka yana gona. Mu bi ta fadama." A bakin gonar masara muka same shi da fartanya a kafaɗa. Da gida na nufa, da sai in zauna a zaure har azahar. Haka ya yi mini da dagaci: ya san ranar kasuwa ce, ya san rumfar da yake zama. Kafin mu isa ya raɗa mini in cire takalmi tun daga nesa, in bari dattijon ya tambayi asalina kafin in fito da takarda. Mazauna birni mukan manta da irin wannan.

A hanya kuwa bakinsa bai huta ba. Ya lissafa mini mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar kamar yana karatun allo, ya nuna mini rugagen Fulani a gindin duwatsu, da ƙauyukan Kurama waɗanda yawancin 'yan cikin birni ba su ma san akwai su a Kano ba. Da muka hau wajen Riruwai ya tsaya don in ga tsofaffin ramukan da aka haƙi kuza tun zamanin Turawa. Sanyin wurin da koren ciyawa sai ka rantse Filato kake. Ruwan sama ya fi na birni yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa masararsu take cika buhu. Har zancen sarauta muka taɓa: a 2019 aka sa Doguwa ƙarƙashin masarautar Rano, a 2024 dokar ta sake sauyawa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, mu dai dagacinmu bai canja ba."

To, ga inda ya gaza. Gudu yake yi a gangare kamar ana bin sa bashi, sau uku ina dafa kafaɗarsa ina cewa, "Kai yaro, ina da iyali." Sai ya rage, bayan minti biyar ya koma. Hular kwano babu, ko tasa ko tawa. Soson kujerar ya mutu, ƙarfe kake zama a kai, na kwana biyu ina jin ƙugu. Kuma da muka tsallaka wani rafi ya ce in zauna abina, ruwan bai kai ba. Ya kai. Allah ya so takardun suna cikin leda.

Bayan la'asar hannu biyu sun shiga takarda, saura na hakimi da hatimin sakatariya, waɗanda na kammala washegari. Yaron ne ma ya hana ni kama hanyar Kano da yamma, ya ce ba a ratsa Falgore da duhu in ba dole ba, ya kai ni gidan ɗan'uwana na kwana. Na ƙara masa 2,000 a kan cinikinmu. Ƙanen yarinyar zai gama sakandare baɗi, wannan ɗan acaɓan zan sake nema, amma da matashin kaina zan taho daga Kurna.