Dean Village ko Duddingston, in ka je Edinbara?

In ka gaji da cunkoson Royal Mile, babban titin tsohon gari a Edinbara, babban birnin Scotland, akwai unguwanni biyu da za ka iya lallaɓawa ka sarara, sai dai ba iri ɗaya ba ne.

Dean Village na cikin kwari a bakin kogin Water of Leith, tafiyar kamar minti goma a ƙafa daga Princes Street, babban titin kantuna na tsakiyar birnin. Da can wurin niƙa hatsi ne, ruwan kogin ke juya injinan. Ginin da ya fi ɗaukar ido shi ne Well Court, jan dutse da hasumiyar agogo, mai jaridar The Scotsman, John Ritchie Findlay, ya sa aka gina wa ma'aikata a shekarun 1880, ga kuma gadar da injiniya Thomas Telford ya zana ta ratsa ta can sama. Amma gaskiya yanzu masu ɗaukar hoto sun yi wa wurin yawa, kowa da wayarsa a kan gada.

Duddingston kuwa sai ka zagaya bayan dutsen Arthur's Seat, kuma ni nan na fi so, don har yanzu ƙauye ne sosai. Cocinsu tun ƙarni na 12 yake, a bakin ƙofa za ka ga sarƙa da ƙawanyar ƙarfe da a zamanin da ake maƙala wa mai laifi a wuya jama'a su kalle shi, da matakalar dutse ta hawa doki. A ƙauyen nan Bonnie Prince Charlie, yariman da ya jagoranci tawaye don ƙwato wa gidansu sarautar Birtaniya, ya yi shawara da mayaƙansa a 1745 kafin yaƙin Prestonpans. Ga tafki cike da tsuntsaye, amma ka sa takalmi mai kyau in ƙafa za ka bi, akwai ɗan nisa.