Labaran kisan gilla da ake turawa a waya: a duba kafin a biya

Masu tura littattafan sauraro a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano suna da labaran jami'in bincike mai gani a mafarki da makashin da ke ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya. Muryoyin masu karatun suna fita tar, amma kada ka bar shagon sai ka duba abubuwa biyu.

Lambobin kashi-kashi su ne babbar matsala. Idan an rubuta 1, 2, har 12, wayoyi da yawa suna jero 10 da 11 kafin 2, sai ka ji sunan makashin tun gawa ta biyu ba ta faɗi ba. Ka ce a mayar da su 01, 02. Sannan a kunna maka kashin ƙarshe, domin memori na jabu yana nuna ya karɓa alhali ya zubar. Sa'a guda ta sauti mai ingancin 64 kbps tana cin kusan MB 29, ka lissafa ko memorin zai ɗauka.

Masu sauraro kuwa sun rabu. Wasu na cewa mafarkin jami'in duban bokaye ne aka sa wa kakin 'yan sanda, gaibu sai Allah. Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina na masu bin hujja ne: marubuci ya tara zanen yatsa da shaidu, sai ya kasa ɗaure zaren, ya jefo mafarki ya warware komai. Labaran da suka yi daɗi su ne inda mafarkin ke kuskure, jami'in ya koma tambayar maƙwabta.