Rijiyar burtsatse mai sola a unguwarmu ta Daura

Rijiyar burtsatsen da mutanen unguwarmu suka yi karo-karo suka haƙa ta cancanci yabo, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ke ƙafar da rijiyoyin gidaje har guga ya riƙa fitowa da laka. Ba ta dogara da wutar lantarki ko janareta ba. Faifan sola ne ke tuƙa injin da ke tura ruwa zuwa tankunan da aka ɗora a kan ƙarfe, daga nan ya gangaro zuwa kawunan famfo. Ruwan garau yake, ba shi da gishiri, sabulu kuma yana kumfa da shi sosai.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin kuɗin. Kwamitin da Mai Unguwa ya kafa yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowace jarka mai lita 25, ana ajiye shi domin gyara, shi ya sa duk ranar da injin ya samu matsala ba a zaman jiran ɗan siyasa ko wata ƙungiya. 'Yan ga-ruwa masu turo kura suna da nasu layin, mata da yara kuma nasu, don haka rigimar layi ta ragu ƙwarai. A garin da tarihin rijiyar Kusugu ya nuna cewa a da sai ranar Juma'a ake samun ɗiban ruwa, samunsa kullum ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Sai dai ɓarnar ruwa tana damuna matuƙa. Wasu kawunan famfon sun lalace, an ɗaure su da robar taya, suna ɗiga dare da rana, yara kuma sukan kafa jarka su tafi wasa har ta cika ta tumbatsa. Da yake ba a gina magudana ba, wurin ya zama kwatami mai tara sauro, alhali da an karkatar da ruwan zuwa kwamin shayar da dabbobi ko 'yan bishiyoyin darbejiya, da ya yi amfani. Haka kuma, a lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe faifan solar, tankuna su kasa cika kafin la'asar, kuma ba a ɗora wa kowa alhakin goge shi ba.

Ina ba duk unguwar da ke shirin yin irin wannan aiki shawarar ta ware kuɗin magudana da na mai kula da wurin tun kafin a fara haƙa.